Idan yaro ya faɗi, fuskarki yake fara kallo

Ku lura da kyau, yaro ɗan shekara ɗaya ko biyu in ya faɗi ba nan take yake fashewa da kuka ba. Sai ya yi ɗan shiru, ya ɗago kai yana neman fuskar mamansa ko babansa, so yake ya gane ko abin da ya same shi babba ne. In ya ga an zaro ido an dafe ƙirji an kwashi gudu, toh shikenan ihu ya tashi ko da ɗan ƙujewa ne kawai.

An ma taɓa gwada irin wannan a Amurka a 1985, wani masani James Sorce da abokan aikinsa. Suka ɗora jarirai ƴan wata 12 a kan tebur mai gilashi da aka yi shi kamar akwai rami a gaba, uwa tana ɗaya gefen. Waɗanda iyayensu suka nuna fuskar tsoro ko ɗaya bai haye ba, waɗanda aka yi wa murmushi kuwa 14 cikin 19 suka rarrafa suka tsallaka abinsu.

Amma fa natsuwa daban, ƙaryata yaro daban. Ni wallahi abin da ke ɓata min rai shine "tashi ba komai, ai baka ji ciwo ba". Ta yaya zaki ce bai ji ba bayan gwiwar tasa ce ke zafi? Ga masu "namiji baya kuka", ga kuma masu "ba na hana ka gudu ba", wasu har da ƙarin ranƙwashi a kan ciwon, toh irin wannan yaron gobe in ya yanke ko ya ƙone ɓoyewa zai yi don tsoron faɗa, sai wajen ya ruru sannan a gani.

Ki durƙusa daidai tsayinsa, ki rage murya, "sannu yarona, ka ji zafi ko? nuna min wajen". Ki rungume shi in yana so, wani yaron baya son a taɓa shi a lokacin, sai ki zauna kusa kawai. A barshi ya yi kukansa, zai gama. Kuma kar a ce wankin ciwo ba zafi, ki ce zai ɗan yi zafi amma yanzu za'a gama. Maganar hawa kujera da ya jawo faɗuwar a bari sai ya huce.

Ciwon kansa kuma, in jini ne a danne da tsumma mai tsafta kamar minti 10 ba tare da ana ɗagawa ana leƙawa ba. Ƙuna, ruwan famfo mai sanyi na minti 20, banda ƙanƙara, banda man goge baki don Allah. Haɓo, ya sunkuyar da kai gaba a matse wajen taushin hancin minti 10, ba a ɗaga kai sama ba don jinin zai bi maƙogwaro.

Buguwar kai ce ke son sa ido sosai. In ya suma ko na ɗan lokaci ne, ko yana ta amai, ko barci mai wuyar tashi, ko jijjiga, ko tafiyarsa da maganarsa sun canza, a tafi asibiti a lokacin, kar a ce sai gari ya waye.