Wasiƙa daga Ingila: Lee ya samu suna, Cushing ya yi aikin

Assalamu alaikum 'yan'uwa na gida. Ya iyali, ya hidimomi? Allah ya sa kowa yana lafiya.

A nan da zarar Oktoba ta kama, dare ya fara tsawo, sai a tono tsofaffin fina-finan ban tsoro, masu kufan fada da maƙabarta da kyandir. Waɗanda aka fi ji da su na kamfanin Hammer ne, da ya yi aikinsa a Bray, wani tsohon gida a bakin Kogin Thames kusa da Windsor. Kuɗinsu kaɗan ne, ɗaki ɗaya sai a sauya masa labule da kujeru ya fito a wani fim.

Kowa Christopher Lee yake ambata, kuma ba laifi. Dogo ne sambal, ya kusa mita 2, a fim ɗin Dracula na 1958, inda ya fito a matsayin Dracula mai shan jinin mutane, ya sauko daga bene cikin fara'a kamar mai gidan kirki, can kuma sai ga idanu jajur da jini a baki. Amma bai kai minti goma a idon kyamara ba, a na 1966 ma ko kalma bai furta ba.

Ni dai Peter Cushing ne gwanina. Shi ne Van Helsing, likitan da ke farautar mai shan jinin. Ku kalli hannuwansa: yadda yake buɗe jaka, yake jera kayan ƙarin jini, kai ka rantse likitan gaske ne. Natsuwar nan ce ke sa mai kallo ya yarda da tatsuniyar. A ƙarshe ya sheƙa a guje a kan dogon tebur, ya daka tsalle ya fizgo labule, rana ta kwararo, ya gitta mazaunin kyandir biyu a gaban Dracula har ya zama toka. Shekara guda kafin nan, a wani fim na 1957, Cushing ne mugun, Baron Frankenstein, Lee kuma halittar da ya harhaɗa.

A zahiri aminai ne. Cushing ya zauna a Whitstable, garin masunta a Kent, ya rasu a 1994. Har yau akwai wurin zama a bakin teku mai sunansa. Lee ya kai 2015.

Idan za ku nema, ku fara da na 1958, amma bayan yara sun yi barci.

Ku gaida kowa da kowa.
Naku a Ingila.