Daren da Hajiya ta zo da kular tuwo

Jiya abokiyar aikina ta nuna min takardun tafiyarta Saudiyya, sai Hajiya ta faɗo min a rai, shugabar ɗakin yara da na fara aikin jinya a hannunta.

Wani dare cikin damina zazzaɓin cizon sauro ya cika mana ɗaki, yara biyu-biyu a gado, mu biyu kacal a bakin aiki. Wajen ƙarfe ɗaya sai ga ta, alhali ba ita ke da aikin dare ba. Ta dire kular tuwo ta ce, "'Yata, ci ki ɗan runtsa, ni zan kula da ƙarin ruwan." Da na farka har ta goge aman wani yaro da hannunta.

A 2024 an ce sai ma'aikacin jinya ya yi shekara biyu yana aiki kafin a tantance masa takardun fita waje. Hajiya kuwa ba ta taɓa riƙe kowa da doka ba. Albashin nan dai shi ne, amma ba wadda ta nemi canji a zamaninta.

Tana yin ritaya, wadda ta gaje ta ko sunanmu ba ta riƙe ba. Kafin babbar sallah mutum uku suka tafi.