Watan da muka ware wa Abubakar Imam

Ƙa'idar da muka shimfiɗa ba ta da wuya. Cikin watan Janairu kowa zai karanta Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce, duka kashi ukun, sannan duk Lahadi bayan La'asar mu haɗu a zauren ɗaya daga cikinmu a Anguwan Rogo mu tattauna. Wanda ya gama da wuri ya ƙara da Tafiya Mabuɗin Ilmi, labarin zuwan Imam Ingila a 1943. Ba mu da yawa: malaman makaranta, da wani ɗalibin jami'a, da ni da nake sana'ar ɗinki. Wasu sun sayo sabon bugu a shagunan littattafai na wajen Masallacin Juma'a, ni kuwa nawa daga akwatin Baba na ciro su, gara ta ci gefen kashi na biyu.

Ruwan Bagaja ƙarami ne, a zama ɗaya ma sai mutum ya cinye shi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne shekarun mai littafin. A 1911 aka haife shi a Kagara, ke nan yana ɗan shekara 22, yana koyarwa a Midil ta Katsina, lokacin da Rupert East na Hukumar Fassara ya shirya gasar rubutun labarai a 1933. Littafin ya fito a 1934 tare da Ganɗoki na yayansa Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Kuma da ka shiga ciki za ka ji ƙuruciya: Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman suna ta cutar juna gari-gari, wannan ya jefa wancan a wahala, gobe wancan ya rama. Ruwan da aka fita nema don warkar da ɗan sarki har mantawa kake yi da shi saboda daɗin rikicinsu.

A kan Magana Jari Ce muka daɗe, kuma a nan gardama ta tashi. Ɗalibin nan ya zo ranar ransa a ɓace, ya dubi dattijon cikinmu, wanda ya shekara da shekaru yana koyar da Hausa, ya ce, "Malam, ashe yawancin labaran nan ba nasa ba ne? An ce daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Turawa ya kwaso su." Malam ya kurɓi shayinsa, ya ce gaskiya ne, kuma ba a ɓoye aka yi ba, don East da kansa ya tara masa littattafai lokacin da Imam ya zauna a Zariya yana aikin. Sai ya ce, "To, yaro, buɗe labarin Kalala da Kalalatu ka karanta mana da ƙarfi."

Ya karanta. Matar da ta ɗanɗana kajin baƙo har ta cinye su, ta ce wa baƙon mijinta na wasa wuƙa ne don ya yanke masa kunne, ta juya ta ce wa mijin baƙo ya gudu da kaji, ga miji ya bi shi da wuƙa a hannu yana roƙon a bar masa ko ɗaya. Kafin ya kai ƙarshe shi kansa mai karatun dariya ta hana shi ci gaba. Akwai irin wannan labarin a tatsuniyoyin Jamus, amma babu wanda ya ji ƙanshin Jamus a zauren nan.

Ni dai ina bayan Malam, kuma daga wajen aikina nake kallon abin. Shaddar da nake yanka kullum daga waje ake kawo ta, amma babu wanda zai ga babbar riga da aikinta na aska ya ce ta Bature ce. Abin da Imam ya ɗinka nasa ne: fadar Sarki Abdurrahman, da fadawa masu kirari, da Waziri mai baƙin ciki, da aku da ke riƙe Musa ɗan Sarki da labari har gari ya waye don kada ya fita ya faɗa tarko. Haka gasar aku da wani aku mai suna Haziƙ a kashi na biyu, da yadda akun Sarki ya zaunar da ɗansa Fasih yana koya masa iya baki a na uku. Da muna makaranta tsallake waɗannan wurare muke yi mu faɗa cikin labari, don shi ake tambaya a jarrabawa. Yanzu su na fi jin daɗi, domin a nan ake ganin yadda mai hikima ke lallaɓa mai iko ba tare da ya ce masa kada ka yi ba.

Ba komai ne ya kwanta mini ba. Akwai wuraren da ba'ar da ake yi wa ƙauyawa da mata ta yi yawa, kuma da nake karanta wa yarana da dare na tsaya na yi musu bayani a kai. Na faɗi haka a zaure, wasu suka ce zamaninsa ke nan. Na yarda, amma mu a namu zamanin muke karantawa.

Kashi na uku kam da yawanmu ba su kai ƙarshensa ba kafin wata ya ƙare, kuma ban ga laifinsu ba. Hausar mutumin da ya zama editan farko na Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 ba ta son gaggawa, tana son a furta ta a ji karin maganarta a kunne. Shi ya sa da aka zo zaɓen na gaba, aka tsayar da Shaihu Umar da Ganɗoki, na roƙi Malam a canza tsari: a rage yawan shafuka, kuma duk zama a fara da mutum ɗaya ya karanta babi da ƙarfi kafin kowa ya ce uffan. An amince, kuma ni aka ɗora wa babin farko na Shaihu Umar.