Ranar da Muka Yanke Shinkafar Yai

Asabar, 23 ga Nuwamba, 2024. A kalandar da ke rataye a shagon bakin titi kuwa shekarar 2567 ce, domin lissafin Buddha ake bi a Tailan, ya riga na Miladiyya da shekara 543.

Bayana ciwo yake, tafin hannuna na dama ya yi bororo biyu, amma ba zan kwanta ba sai na rubuta ranar nan tun tana da ɗuminta.

Sanyi ne ya tashe ni kafin agogo. Iskar arewa ta fara saukowa tun makon jiya, busasshiya mai fasa leɓe, 'yar uwar hunturu ce sai dai babu ƙura. Na yi alwala da ruwan saman da ke cikin ƙatuwar randar siminti, na shimfiɗa darduma na fuskanci yamma. Shekarata biyu a ƙauyen nan na lardin Roi Et ina koyar da Turanci a firamare, amma har yau idan na tayar da sallar asuba na tuna alfijir ta bayana yake ketowa, sai zuciyata ta ɗan tsaya. Wanda ya tashi a Kura ya san gabas da alƙibla abu guda ne a bakinsa. A nan sai da na sake koyon tsayuwa.

Ina sallamewa na ji kukan kaza a ƙofa. Yai ce, maƙwabciyata. Yai na nufin kaka ta wajen uwa, kowa haka yake kiranta, kuma ban taɓa jin wani ya kama sunanta ba. Ta riƙe kazar ta ƙafafu, ta miƙo mini wuƙa. "Kru, yanka." Kru shi ne malam, sunan da na samu ke nan tun ranar da na sauka. Na yi bisimilla na yanka, ta karɓa ta juya ba tare da wata magana ba. Tun watana na farko ta gane ba na cin naman alade, ba na kuma cin abin da ban san yankansa ba. Ba ta tambaye ni dalili ba. Kasuwa ta je ta sayo sabuwar tukunya, ta ɗaura jan zare a mariƙinta, ta gargaɗi jikokinta kada kowa ya taɓa. Duk ranar da za a ci nama tare da ni, da asuba take zuwa da kazarta.

Wajen ƙarfe shida sufayen Buddha suka fito daga wurin ibadarsu a jere, ba takalmi, cikin mayafi ruwan goro, kowa rungume da ƙoƙonsa. Matan unguwa sun durƙusa a bakin hanya suna sa musu curin shinkafa. Ni nakan tsaya daga cikin shinge har su wuce. Babu wanda ya taɓa cewa in fito, ni ma ban taɓa nuna ƙyama ba, a haka muka zauna lafiya. Suna wucewa lasifikar dagaci ta kama tari a kan turke, ya yi gaisuwa, ya karanto sunayen waɗanda injin girbi zai shiga gonarsu yau da gobe, ya roƙi masu shanya a titi su bar wa motoci gefe ɗaya.

Mu tara muka hau bayan motar gona, irin wadda ake haɗawa da injin noma, mai ƙara kamar injin markaɗe. Na duba fuskokin da ke tare da ni. In ka cire ni da yara biyu, babu wanda bai haura sittin ba. Haka ƙauyen yake, tsofaffi da jikoki. Masu ƙarfin duk sun tafi ci-rani: Bankok, masana'antun Chonburi da Rayong, wasu Taiwan, wasu Koriya ta Kudu, wasu gonakin Isra'ila. Sai bikin Songkran na watan Afrilu da sabuwar shekara ake ganinsu.

Filin nan sunansa Tung Kula Rong Hai, wato filin da Kula suka yi kuka. Kula fatake ne daga wajen Bama, an ce sun yi ta tafiya a cikinsa ba ruwa ba inuwa har suka fashe da kuka. Ya ratsa larduna biyar, Roi Et da Surin da Sisaket da Maha Sarakham da Yasothon, faɗinsa ya haura rai miliyan 2, kuma rai shida da kwata ne hekta guda. Ƙasar rairayi ce, wani wurin har gishiri take fitarwa fari fat da rani. To wannan ƙasa mai wuyar sha'ani ita ke fitar da shinkafar hom mali mai ƙamshin da ake nema a duniya. Da safiyar yau, iya ganinka rawaya ce kwance, iska na kaɗa ta.

Ba hom mali muka je yanka ba. Wannan ta sayarwa ce, ta inji ce. Mu ƙaramar gonar shinkafa mai danƙo muka nufa, wadda gidan zai ci har shekara ta zagayo. Yai ba ta yarda inji ya shiga cikinta. Ta ce injin yana yawo gona-gona da ragowar irin wasu a cikinsa, in ya shiga taka ya gauraya maka iri, baɗi ka ga baƙuwar shinkafa ta tsiro. Na yarda da ita ɗari bisa ɗari, domin na ga irin haka a gida.

Mijin Yai, wanda ake kira Ta, shi ya raba lauje. Da ya zo kaina sai ya tsallake ni, ya nuna mini inuwar bukka da hannu, ya ce in zauna in riƙe wa yara ruwa. Ba raini ba ne, girmamawa ce. Malami a nan yana da daraja, kuma a tunaninsu baƙon da ya zo daga ƙasar waje bai san wahala ba. Shekara biyu ke nan ana zaunar da ni a inuwa. A biki a ba ni kujera kowa na kan tabarma, a sa mini cokali kowa na ci da hannu. Alheri ne, na sani, amma alherin da ke ajiye ka a bakin ƙofa. Yau na rusuna, na haɗa tafukana a ƙirji yadda suke yi wa manya, na ce, "Ta, a ba ni lauje." Ya dube ni ya dubi Yai. Yai ta ce a ba ni.

Laujensu ya fi namu siranta da lanƙwasa, bakinsa na da ƙananan haƙora. Yanka uku na farko hannuna bai saba ba. A na huɗu sai jikina ya tuna. Ka sunkuya, ka tattaro da hagu, ka ja da dama, ka ajiye a kan kututture, ka matsa. Ƙaiƙayin da ke shiga wuyan riga, ƙamshin ɗanyen kara, ƙarar lauje yana cin ciyawa, duk irin na Kadawa ne lokacin da nake bin Baba ina ɗan shekara goma sha biyu. Ban ɗago ba sai da na kai ƙarshen layi. Da na waiwaya, tsofaffin nan duk sun miƙe tsaye da lauje a hannu suna kallona. Wata ta yi magana da harshen Isan na yankin nan, wanda ya fi kusa da na Lawos a kan na Bankok, kowa ya ɗauka da shewa. Jikar Yai, ɗalibata 'yar aji biyar, ta fassara mini: "Wai ashe Kru ɗan manoma ne."

Wannan aikin taron sunansa long kaek. Gayya ce sak: yau a yi naka, gobe a yi nawa, mai gona ya ciyar. Kalmar kaek kuwa baƙo take nufi, kuma da ita suke kiran Indiyawa da Larabawa da Musulmi. An taɓa jifana da ita a kasuwar gari da muryar da ba ta yi mini daɗi ba. Yau na ji ta a bakin mutanen da muke zufa tare, ban ji komai ba sai daɗi.

Da rana ta take muka koma bukka. Aka buɗe ƙananan kwandunan gora masu murfi, shinkafa mai danƙo na ciki da sauran ɗumi. Tun daren jiya aka jiƙa ta, da asuba aka turara. Ka gutsura, ka mulmula a tafin hannu, ka dangwala, kamar dai lomar tuwo. Yai ta zauna da turmin ƙasa tsakanin ƙafafunta tana kirɓa ɗanyar gwanda da barkono da tafarnuwa da lemon tsami, ta zuba ruwan kifin nan da ake tsimawa da gishiri da dusa wata da watanni. Pa daek suke ce masa. Ranar da na fara jin warinsa na kasa ci, sai da na tuna yadda baƙo kan yamutsa fuska in ya shiga ɗakin da ake ajiye daddawa. Yanzu in babu shi sai in ji abincin lami. Kazata kuwa tana cikin tukunya mai jan zare, an ajiye ta a gabana, amma yau babu wanda ya kawo mini cokali.

Muna ci nake ba Ta labari cewa da shinkafarsu muka girma. 'Yar gwamnati muke ce mata, a buhu mai kilo 50, ana sauke ta a Kwatano ta biyo ta Nijar ta shigo ta Jibiya, har gwamnatinmu ta rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, galibi saboda ita. Ya ajiye lomarsa ya tambaye ni kamanninta. Na ce doguwa ce, ruwan zuma-zuma, ba ta caɓewa. Ya girgiza kai. Ya ce wannan turararriya ce, wadda ake turarawa tun tana shanshera, manyan injina na tsakiyar ƙasar ke yin ta don a fitar waje, shi a rayuwarsa bai taɓa sa ta a baki ba. Na ce ai mu ma haka matanmu ke turara tamu kafin a kai inji. Ya yi ta mamaki. Na gaya masa a Kura ruwan madatsar Tiga na sa mu yi noma damina da rani. Ya yi shiru, sannan ya ce su nan sau ɗaya ne, in sama ta hana shi ke nan.

Yai ba ta sa baki ba sai da aka gama. Tana goge turmi, ba ta ko dube ni ba, ta ce, "Kru, kana nan kana yanka tawa. Ta babarka wa ke yanke mata?"

Na buɗe baki in ce ƙanena, maganar ta tsaya a maƙogwaro. 'Yarta na Rayong a masana'anta, tana turo kuɗi duk ƙarshen wata, ta bar mata yara biyu. Ni ma duk ƙarshen wata nake turawa. Tun zuwana nake tausayin tsofaffin ƙauyen nan da 'ya'yansu suka bari, ban taɓa sa kaina a layin waɗanda suka tafi ba sai da ta yi tambayar nan. Na ce mata ƙanena na nan. Ta gyaɗa kai, ta ƙara mini shinkafa.

La'asar a gefen gona na yi ta, kan buhu. Yaran sun saba, su suke kore mini karnuka.

Can gaba injin Kubota na cin babbar gonar hom mali, abin da mu tara muka yini a kai shi minti kaɗan zai lashe. Irin da suke shukawa, Kao Dok Mali 105, wanda gwamnati ta fitar a 1959, tsawon rana yake bi: ko yaushe ka shuka, sai rana ta gajarta a ƙarshen Oktoba yake fure. Shi ya sa filin duka ke nuna a lokaci guda, kowa na neman inji a mako guda, dagaci na rabon layi a lasifika. A hanyar dawowa rabin kwalta ya zama wurin shanya, an baza shuɗin raga an zuba shanshera, tsofaffi na ja da manjagara. Wanda ya kai ɗanya wurin masu saye sai a zaftare masa kuɗi saboda laima, shi ya sa mai hali yake shanya kwana biyu ko uku tukuna.

Ƙarfe shida taken ƙasa ya tashi a lasifika, rana ta riga ta faɗi. Bayan magariba na duba fasfo, saura kwana tara in je ofishin shige da fice in ba da rahoton da ake buƙata daga kowane baƙo duk kwana 90, cewa ina nan inda na ce ina zaune. Zan nemi izinin shugaban makaranta ranar Litinin.

Ta tagar ɗakina ina hango Yai a ƙarƙashin gidanta na katako mai dogayen ƙafafu, jikokin sun manne mata, hasken waya a fuskokinsu, muryar uwarsu na fitowa tana tambayar ko sun yi wanka. Ƙarfe tara na kira gida, can ƙarfe uku na rana. Inna ta ɗauka, ina jin kaji a bayanta. Na tambaye ta shinkafa. Ta ce an yanke tun makon jiya, Allah ya sa albarka, sai dai da kuɗi aka ɗauki masu yanka, don yanzu ba mai zuwa gayya. Na ba ta labarin tukunya mai jan zare, wanda ban taɓa gaya mata ba. Ta yi shiru har na zaci layin ya yanke. Sai ta ce, "Ka gaishe mini da tsohuwar nan. Ka ce mata na gode."

Gobe da sassafe za mu koma ɗaurin dami. Ta ya ce in riƙe laujen a wurina, yana nan jingine bayan ƙofa.