Dif lok da maganar gudu: abin da aikin Hilux a fadamar Haɗeja ya koya min

Kilomita 8 a awa. Iyakar gudun da Toyota ta rubuta kenan a littafin Hilux idan ka kulle difaranshar baya (giyar da ke raba ƙarfin inji ga tayoyin baya biyu), wato ka sa dif lok, kuma duk sanda na faɗa wa abokan aiki a tasha sai wani ya ce haba malam ai 8 ba gudu ba ne, mai keke ma sai ya wuce ka. To gaskiyarsa ne, dama ba don gudu aka yi abin ba. Mutum a ƙafa yana cin kamar kilomita 5 a awa, kaga 8 ɗin sassarfa ce kawai, in yaron motarka ya sauka yana bin ka a gefe har ya kasa kamo ka to ka wuce ƙa'ida.

Ni taki da buhunan shinkafa nake ɗauka tsakanin Haɗeja da Auyo da ƙauyukan Kafin Hausa, kuma duk wanda ya san wannan yankin ya san yadda laka take da zarar watan Agusta ya kama, balle shekarar 2022 da ambaliya ta cinye hanyoyi da yawa. A nan na san darajar madannin dif lok, a nan kuma na ga yadda ake wulaƙanta shi.

Dattijon da na koyi aiki a hannunsa bai tsaya dogon bayani ba, wani fili mai rairayi ya kai ni ya ce in yi kwana a hankali in sauko mu duba sawun taya. Sawu biyu lafiya lau, na waje ya yi faɗi na ciki ya tsuke. Sai ya ce to ɗana sa L4, wato giyar ƙarfi da tayoyi huɗu ke ja a hankali, ka danna madannin ka sake yin kwanar. Da muka sauko, tayar ciki ta tone ƙasa ta tara yashi a gefe, ga zanen tayar duk ya goge saboda ja ta yi ba mirginawa ba. Ya ce min wannan yashi ne ya yi maka haƙuri ya matsa, kwalta ba ta matsawa.

Abin da ke faruwa shi ne, a kwana tayar waje ta fi ta ciki doguwar tafiya, kamar shanun huɗa in an zo ƙarshen kunya, na ciki ya rage taku na waje ya zagayo. Aikin difaransha kenan, ta bar kowace taya ta juya gwargwadon tafiyarta. Matsalarta ɗaya, in taya guda ta faɗa caɓi ko ta ɗaga sama sai ita kaɗai ta yi ta wulwulawa, ɗayar da ke kan busasshiyar ƙasa ta tsaya cak, in haka ta faru gaba da baya sai mota ta kafe ko da kana cikin fowil, wato tayoyi huɗu na ja. Dif lok sai ya haɗe shaf ɗin biyu, wato ƙarafan da ke juya tayoyin baya, su zama abu guda, dole su juya tare. Shi ya sa yake fitar da kai.

Amma ka yi lissafi. Tsakanin tayoyin bayan Hilux akwai kamar mita ɗaya da rabi, in ka karya kwana sosai daga titi zuwa layi tayar waje tana ƙara kusan mita 2.4 a kan ta ciki, wanda kusan juyi ɗaya ne cur na tayar. In a kulle suke wannan juyin ba shi da inda za shi, ko dai taya ta kankare ƙasa ko kuma ƙarfin ya taru a shaf da haƙoran giya, kuma in ka ɗora buhu goma sha a baya tayar ta danne sosai ba za ta zame da sauƙi ba, ƙarfe ne zai sha wuya. Na taɓa jin wata motar tana shiga gareji a haka, tayar baya na ƙugi tana tsalle-tsalle a kan siminti, bakaniken tun daga nesa ya ɗaga wa direban hannu.

Ni dai karyewar shaf ba ita ce ta fi damuna ba wallahi, ƙarfe ana sayen wani. Abin da ke tayar min da hankali shi ne motar tana daina jin sitiyari, ka murɗa ita kuma tana son ta miƙe saboda bayan na tura ta gaba, a kilomita 8 zaka ji nauyin ka gyara, a 50 kafin ka gyara ka bar hanya. Sannan a Hilux da zarar ya kulle, ABS, mai hana taya ƙamewa in ka taka burki, da na'urar da ke hana mota sulɓewa suna daina aiki, zaka ga fitilunsu sun kama a dashbod, ba lalacewa ba ce haka aka tsara. Kenan burkin da ka saba da shi ba shi ne a ƙafarka ba. Ga kuma wanda mutane ba su cika sani ba, a hanya mai santsi da ta karkata gefe, irin hanyoyin bakin kanal na noman rani a Auyo, in ka taka totur tayoyin baya biyu suka wulwula tare babu wadda ta riƙe ƙasa, sai bayan motar ya zame gefe gaba ɗaya, kuma mu a nan da wuya ka ga bodi babu mutane zaune a kan lodi, mata da yara da masu aikin gona da ka rage wa hanya. Su nake tunawa duk sanda naga wani yana gudu da wutar dif lok a kunne a dashbod.

Akwai masu cewa ai Ford Ranger tana tafiya da shi har 40. Eh, a wajen kilomita 40 ne take cire shi da kanta, amma wannan kariya ce kamfani ya sa saboda mai mantuwa, ba izini aka ba ka ka yi ta tafiya a 39 ba. Kowace mota da lambarta a littafinta, ka duba taka, kada ka ɗauki ta Ford ka kai wa Hilux.

Masu bin yashin Gumel da Maigatari kuma hujjarsu ta fi ƙarfi, sun ce in ka rage gudu a rairayi ka nutse. Haka ne. Sai dai maganin wannan shi ne ka ɗan rage iskar taya ka sa H4, wato fowil na tafiya da gudu, ka riƙe totur daidai, in ka fito ka mayar da iskarka. Duk wurin da sai da gudu za a wuce shi ba wurin dif lok ba ne. A Hilux ma ba ya kamawa sai a L4.

Yadda nake yi yanzu, tun kafin in shiga caɓin nake tsayawa, in sa L4, in danna, wutar zata yi ta ƙiftawa har ya shiga sannan ta tsaya, in bai shiga ba sai in ɗan gusa a hankali. Kada ka danna madannin alhali taya na cikin wulwulawa, haƙoran ne zasu gwabza da juna. Giya ɗaya, sitiyari a miƙe iya yadda zai yiwu, kuma da tayar baya ta taka ƙasa mai ƙarfi nake kashewa, ko da akwai wani caɓin a gaba gara in sake tsayawa in sake dannawa. Wani lokaci ka kashe wutar ta ƙi mutuwa don haƙoran sun ɗaure, to kada ka hau kwalta a haka, ka saki totur ka ɗan karkaɗa sitiyari hagu da dama kana tafiya a hankali, ko ka yi ribas kaɗan, zata mutu, sannan ka fita daga L4.