Duniyar da aka yi shekaru ana nema alhali babu ita

Akwai wata magana da nake yawan ji, wai ai masana kimiyya ba su da magana ɗaya, yau su ce kaza gobe su canza, to me zai sa a yarda da su? Duk sanda na ji ta labarin Le Verrier ne yake faɗo min a rai, kuma wallahi labarin ya daɗe yana damuna.

Urbain Le Verrier Bafaranshe ne, gwanin lissafi. A zamaninsa an lura duniyar Uranus ba ta bin hanyar da lissafin Newton ya ce za ta bi, tana ɗan kaucewa. Shi bai ce Newton ya yi kuskure ba, cewa ya yi dole akwai wata duniyar can bayanta da take jan ta, ya zauna da alƙalami da takarda ya lissafo inda take, ya aika wasiƙa Berlin, a 1846 masanin taurari Johann Galle ya saita madubin hangen nesa wajen, kuma a daren da wasiƙar ta iso ya gan ta. Neptune kenan. Mutum yana zaune a ɗaki fa ya gano duniya guda!

To a 1859 sai ya waiwayi duniyar Mercury, ita ma hanyarta tana ɗan gocewa kaɗan kaɗan fiye da yadda lissafi ya bayar. Me kuke zaton zai yi? Abin da ya ba shi nasara a baya mana. Ya ce akwai wata duniyar tsakaninta da rana, har suna aka raɗa mata, Vulcan, aka yi ta nema lokacin husufin rana shekara da shekaru, har wasu suka ce sun hango ta. Babu ita. Sai a 1915 Einstein ya zo da sabon bayani kan yadda abubuwa masu nauyi suke jan juna, lissafinsa ya fitar da gocewar nan daidai ba tare da ƙara wata duniya ba. Ashe wannan karon lissafin Newton ɗin ne ya kai iyakarsa.

Nan ne abin yake ɗaure min kai, mutum ɗaya, dabara ɗaya, sau ɗaya ta yi daidai sau ɗaya ta ɓata wa mutane shekaru, kuma a lokacin ba wanda zai iya faɗa maka wanne ne wanne. Masanin falsafar kimiyya Karl Popper yana ganin ƙarfin kimiyya shi ne a iya ƙaryata ra'ayi da gwaji, na yarda da shi, amma da an yi saurin watsar da Newton saboda Uranus ai da an yi asara babba. Shi ya sa hankalina ya fi kwantawa da Thomas Kuhn, masanin tarihin kimiyya, a littafinsa na 1962 ya nuna masana sukan riƙe tsarin da suka gada da ƙarfi, suna ta toshe ɓaraka, matsaloli na taruwa, ba sa sakin na hannu sai wani tsarin da ya fi shi ya bayyana. Taurin kan nan yana da rana, duk da yana cutarwa, don sai da likita Barry Marshall ya sha wasu ƙwayoyin cuta da kansa a 1984 wajen nuna wa masanan da suka ƙi yarda cewa su ke jawo gyambon ciki, shi da Robin Warren ba su samu kyautar Nobel ba sai 2005.

Abin da masu wancan maganar suke tsallakewa kuma, Einstein bai share Newton ba, iyakar inda yake aiki ya nuna. Har gobe da lissafin Newton da aka buga tun 1687 ake tsara yawancin tafiyar tauraron ɗan adam, sai an zo abu irin GPS da ke buƙatar agogo mai tsananin daidaito sannan ake sako gyaran Einstein a ciki.