Darussan da na koya a dajin Nevada

Wanda bai taɓa ƙidayar tsirrai a Great Basin, busasshen yankin nan na yammacin Amurka da ya haɗa da Nevada, ba yana ɗauka ido ake buƙata. Gwiwa ake buƙata. A tsaye ba ka ganin komai sai Artemisia tridentata, ɗan'uwan tazargade, ya rufe ƙasa har ƙarshen gani. Sauran tsirran suna ƙarƙashinsa, sai ka durƙusa.

A durƙushe na ga Trifolium gymnocarpon cikin watan Mayu, a filin da gobara ta ci. Tsiro ne da ke manne da ƙasa, ganyensa uku zuwa biyar suna fitowa daga wuri guda kamar yatsu, bakinsu da haƙora, furen fari-fari da ɗan ja. Dangin wake da gyaɗa ne, saiwarsa tana ƙara wa ƙasa taki, kuma tana da zurfin da wuta ba ta kaiwa. Ganinsa a filin na nufin ba komai ne ya mutu ba, ba a bar wa Bromus tectorum wurin ba tukuna, ciyawar nan baƙuwa mai saurin bushewa da ke jawo gobara.

Oga ya ja layi a kan abin da na rubuta, a gaban kowa. Wai Astragalus ne na gani, wani tsiro daban na dangin wake. Na ce, "Ranka ya daɗe, ganyen Astragalus a jere yake hagu da dama a jikin kara, mu je ka duba." Ya ce ba shi da lokaci. Lokacin bai samu ba sai Yuli, bayan tsiron ya bushe ya ɓace, kuma ya fi kowa sanin haka zai faru. Da shekara ta zagayo ɗalibinsa ya "gano" shi a wannan filin dai, sunansa ne a rahoto. Na yi masa barka, to me zan ce?

Ku da za ku zo bayana, ku ɗauki hoto da kwanan wata da lambar GPS, ku matse samfuri a takarda, sannan ku buɗe baki. Kada ku miƙa littafinku na daji ba ku kwafe ba. Ruwa kuwa ku ninka abin da aka ce ku ɗauka.

Nawa littafin yana jakata, da layin Oga da komai. Gobe da safe zan miƙa makullin mota.